Ba allurar baya ce ta kashe Baba ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baba kuwa ya riga mu da safiyar wata Alhamis, a cikin zafin bazarar nan. Kafin azahar gidanmu na unguwar Fadikpe ya cika har waje. Maza suna kan tabarmi a inuwar mangwaron ƙofar gida, mu mata muna tsakar gida, kowace na fifita da abin da ta samu, wata da gefen mayafi, wata da murfin kwano. 'Yan uwa sun iso daga Bida. Tsofaffin abokan aikinsa na asibiti sun zo, wasu har da sanda. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa gaban Nna, mahaifiyarmu, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri. Na amsa amin har muryata ta dushe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da take biyo bayan gaisuwar. Mace za ta gama ta'aziyya, ta ja gefe, ta rage murya, ta ce wa ta kusa da ita, "Ashe allurar baya suka yi masa?" Waccan ta riƙe haɓa, ta ce, "Ai shi ke nan. Jiya aka ɗebi ruwan, yau ya cika." Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ko rage muryar ba ta yi ba. Tana kuka tana faɗi, "Sun zuƙe masa ruwan jikinsa! Wa ya sa hannu? Wa ya ba su izini?" Duk idanu suka juyo kaina, don ni na sa hannun.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ban iya jera ranar haihuwa da sunayen makarantu ba, kuma ba su ne suka dame ni ba. Abin da ya dame ni, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon mutane su bari a ɗebi ruwan bayan 'ya'yansu a gwada, yau shi ake kafa hujja da shi cewa allurar tana kisa. Wallahi wannan ya fi mutuwar yi mini ciwo.

Baba ya yi shekara talatin da ɗoriya a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a cikin gari. 'Yan unguwa suna ce masa likita, shi kuma kullum sai ya gyara musu: "Ni ba likita ba ne, mai duba ruwa ne." Jini, fitsari, majina, ba abin da bai duba ba, amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ruwan da ake ɗebowa daga ƙashin baya idan ana zargin sanƙarau. Da zafi ya shigo, Baba ya daina zama lafiya. A masallaci, a wajen suna, har a cikin keke, in ya ga yaro ya langaɓe a kafaɗar uwarsa sai ya tambaya, "Wuyansa na lanƙwasuwa?" Mu 'ya'yansa har kunya yake ba mu. Nna takan ce, "Malam, ka bar mutane su ci shinkafarsu." Ya ce, "Su ci mana, ai ban riƙe musu cokali ba."

A ƙarshen shekarun aikinsa aka kawo musu wata na'ura da take auna wani abu a cikin ruwan, wai shi laktet. Ranar ya dawo gida yana murna sai ka ce an ba shi kujerar Makka. Na zo daga Bosso, inda nake aure nake kuma koyarwa, na tarar da shi yana dama fura. Na ce, "Baba, mene ne kuma laktet?" Ya tura mini ƙwaryar nonon ya ce in ɗanɗana. Na ce da tsami. Ya ce, "To, ɗan uwan wannan tsamin ne, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce sanƙarau iri-iri ne. Akwai na bairas, wanda yawanci yakan wahalar da mutum ya sake shi. Akwai na bakteriya, wanda ba ya jira, in ba a danna masa allura mai ƙarfi da wuri ba sai dai a shirya likkafani. A farkon ciwo duk kamarsu ɗaya: zazzaɓi, ciwon kai, wuya ya sanƙare. In an shuka ruwan don a ga ƙwayar da za ta tsiro, sai an yi kwana biyu ko uku. Amma idan na bakteriya ne, tsamin nan yakan tashi a cikin ruwan, kuma cikin 'yan mintoci na'urar za ta nuna. "Ba zai gaya miki sunan ƙwayar ba," in ji shi, "sauran gwaje-gwajen ma dole a yi su. Amma zai ce miki ki yi gudu ko ki yi tafiya. Ni kuwa abin da nake nema ke nan tun ina saurayi."

Ba ya zama a ɗakinsa ya jira a kawo masa kwalba. Da ya ji za a ɗebi ruwan wani, sai ya tafi har bakin gado ya tsaya da 'yar kwalbarsa a hannu. Da ruwan ya ɗiga, ya ɗaga ta wajen taga. In ya fito garau, ya ce alhamdu lillahi, mu je mu tabbatar. In ya fito kamar ruwan wankin shinkafa, sai dai a ji ƙarar takalminsa a baranda yana sauri. Kuma a kowace takarda yakan rubuta lokaci biyu: lokacin da aka ɗebi ruwan, da lokacin da ya auna shi. Ba wanda ya sa shi, shi ya ɗora wa kansa, ya kuma ɗora wa duk wanda ya koyi aiki a hannunsa.

Baba ba mai sanyin hali ba ne, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Akwai ranar da wata nas ta ajiye kwalbar wani yaro a kan taga, cikin rana, ta tafi cin abinci. Da ya gano, a gaban marasa lafiya ya wanke ta tas, har ta yi kuka. Aka kira shi ofis aka ce ya ba ta haƙuri. Ya ce zai ba ta, amma ita ma ta je ta ba uwar yaron, tunda yanzu sai an sake huda bayan ɗanta. Sun yi wata uku ba sa gaisawa. Ranar rasuwarsa na gan ta a tsakar gidanmu, ta tsufa, ta zauna kusa da randa.

Haka ya yi ta fama da mai kemis ɗin bakin layinmu. Duk wanda ya zo da zazzaɓi, mutumin nan zai ce maleriya ce da taifot, ya ƙulla masa kafso a leda. Baba yakan tsaya a ƙofar shagon ya ce, "Kai, kafson nan naka ba ya kashe ciwon, rufe mini ido kawai yake yi. In sun sha suka zo, gwajin ma sai ya ruɗe." Mai kemis ya yi dariya ya ce, "Baba ke nan, a zauna a sha ruwa mana." Shekara da shekaru suna haka.

Akwai wata dattijuwa Bagwariya daga wajen Gidan Kwano, mu dai Mama mai doya muke ce mata. Shekarun baya ta kawo 'yarta asibiti wuya a sanƙare. Mijinta ya rantse ba mai taɓa bayan yarinyar, wai gurguwa za ta zama, ba za ta haihu ba. Likita ya yi magana ya gaji. Sai Baba ya tuɓe farar rigarsa, ya tuɓe singileti, a gaban kowa, ya juya wa mutumin baya. Ya kama hannunsa ya ɗora a ƙugunsa, ya ce, "Taɓa nan. Nan za a sa allurar. Lakar da kake tsoro ta ƙare tun daga sama. In ka ga dama a fara da ni." Mutumin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dangwala yatsa a takarda. Yarinyar ta tashi. Tun daga shekarar, sabuwar doya ba ta taɓa fitowa ba Mama ba ta sauke mana ita a ƙofar gida ba, ranar Lahadi bayan ta taso daga coci.

Amma a cikin gidansa Baba bai ci nasara ba. Yayanmu, babban ɗansa, yana da ɗan fari, yaro ɗan shekara huɗu mai surutu, wanda Baba yake ɗorawa a tankin babur. Yaron ya yi zazzaɓi aka yi ta ba shi magani a gida kwana huɗu, lokacin Baba ya tafi Bida gaisuwa. Da ya dawo ya ga jikan nasa, ko takalmi bai cire ba ya saɓe shi sai asibiti. Shi ya matsa wa Yaya ya sa hannu. Shi ya riƙe kwalbar, shi ya auna. Washegari yaron ya rasu. Yaya bai ɗaga wa Baba murya ba, ba a yi mana irin wannan tarbiyyar ba. Abin da ya ce kawai, a zaure, bayan an dawo daga maƙabarta, shi ne, "Da ƙafarsa yake motsi kafin a yi masa allurar nan." Baba ya ce, "An makara ne." Yaya ya tashi ya fita. Daga baya ya koma Suleja da aiki, yana zuwa da salla, yana durƙusawa ya gaishe shi, yana yi masa duk abin da ɗa ke yi wa uba, amma maganar nan ba su sake taɓa ta ba har abada. Ni na san Baba yana ajiye da kwafin takardar yaron a cikin littafin addu'o'insa.

Yanzu ga abin da ya faru, in faɗe shi yadda yake.

Ranar Litinin da safe Nna ta kira ni ta ce Baba ya kwana da ciwon kai da amai. Na bar aji na hau keke. Na same shi a ɗaki ya sa an rufe labule, wai haske na sukar idonsa. Jikinsa zafi rau. Ya ce, "Uwata, matso. Sa hannu a ƙeyata ki ɗaga." Na ɗaga, kan ya ƙi lanƙwasuwa, ya cije leɓe. Ya ce, "Kin gani? Ki kai ni yanzu. A ɗebi ruwan, a auna laktet, kada kowa ya ba ni kafso. Kin ji ni?" Na ce na ji. Da bakinsa ya faɗa, da kunnena na ji, hankalinsa garau.

Kafin mu gama layin kati, hankalin ya fara gushewa. Yana ta magana da Nufanci da mahaifiyarsa da ta rasu tun ina goye. Likitan, wata mace mai natsuwa, ta duba shi ta ce tana zargin sanƙarau, za ta kwantar da shi, ta ɗebi ruwan baya, ta fara masa allurai nan take. Tunda ba ya cikin hayyacinsa, wani nasa zai sa hannu. Ta miƙo mini biro. Na karɓa, har na ɗora a kan takardar. Sai Nna ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke, kina da wa namiji a raye za ki sa hannu a kan ubanku? Kira yayanki."

A gidanmu haka abin yake. Ko akuya za a sayar sai an ji ta bakin babban ɗa, balle jikin mahaifi. Likitan ta ce, "Malama, ke ma 'yarsa ce, hannunki ya isa." Na ji ta sarai. Amma na ajiye biron na ɗauki waya. Shekarata arba'in da uku, ina da 'ya'ya huɗu, ina tsawata wa yara sittin a aji, amma na kasa rubuta sunana a kan layi ɗaya.

Yaya ya ce, "Allurar baya? Ina! Ba za a yi masa ba. Ku mayar da shi gida, ga ni nan zuwa." Na ce, "Yaya, shi da kansa ya ce a yi." Ya ce, "Mutumin da zazzaɓi ya juya wa kai? Ke, na binne ɗa a kan allurar nan, ba zan binne uba ba. In kuka bar shi a nan, da kun juya baya za su yi masa." Ban taɓa shakkar yana son Baba ba, har gobe. Likitan ta roƙe mu, ta ce ko ba za a ɗebi ruwan ba mu bar shi a fara magani. Nna ta ce abin da babban ɗa ya faɗa shi ne. Wata takarda aka kawo, ta cewa mun ɗauke shi da kanmu ba da yardar likita ba. Nna ta dangwala yatsa. Wannan kam ba wanda ya ce a jira kowa.

Da la'asar Yaya ya iso, ya kira mai kemis. E, shi dai. Ya shigo da jakarsa, ya ce maleriya ce da taifot, ya ɗaura masa ƙarin ruwa a jikin ƙusar labule, ya ƙulla kafso a leda. Ni na riƙa ɗaga kan Baba ana ɗura masa. Talata zazzaɓin ya ɗan sauka, gida ya ɗauki hamdala, Gwaggo har da cewa ga shi nan, da an biye wa 'yan boko da tuni an nakasa shi. Ina dama masa kunu ina jin muryarsa a kunnena, "Kin ji ni?"

Laraba da hantsi Nna ta kira sunansa bai san ta ba. Idonsa a buɗe, yana kallon bango. A nan ne wani abu ya tsinke mini. Ban tambayi kowa ba, na fita titi ba ko mayafi na tare keke. Yaya yana tsaye a zaure, bai taimaka ba, bai kuma hana ba. A asibiti likitan nan ce dai. Ba ta yi mana faɗa ba, wallahi gara ta zage mu. Ta sa aka fara allurai tun kafin a gama shimfiɗa gado, ta dudduba shi, ta miƙo takardar. Na sa hannu.

Wanda yake shugabantar ɗakin gwajin yanzu Baba ne ya koya masa aiki, shi ma har ya yi furfura. Da ya ji wanda aka kawo, da kansa ya zo bakin gado da kwalba. Na ga ya ɗaga ta wajen taga. Ban san aikin ba, amma na san ruwan wankin shinkafa. Ya juya da sauri, na ji takalminsa a baranda. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya ce, "Duk da kafson da aka ba shi, laktet ɗin ya yi sama ƙwarai. Na bakteriya ne." Ya dubi gadon ya ce, "Oga, yaushe ka fara?" Na ce tun Litinin muka zo muka koma. Baba ya cika washegari bayan fitowar rana.

Na haɗiye maganganun mutane ranar farko, na haɗiye ranar uku. Ranar addu'ar bakwai, muna raba waina, wata matashiyar maƙwabciyarmu, da jariri a bayanta da wani yaro a hannu, ta ce, "Ni kam na ga aya. Ko za a yanka ni ba mai taɓa bayan ɗana." Mata suka ce ƙwarai kuwa. Na dubi yaran nan biyu, ga zafin bana ko rabi bai yi ba. Na ajiye farantin na miƙe.

Na ce, "Ku saurare ni. Ba allura ce ta kashe Baba ba." Nna ta ce, "Ke, zauna, gidan makoki ne." Na ce, "Nna, ki yafe mini, na zauna ranar Litinin." Na faɗa musu duka: abin da ya ce mini a ɗaki, biron da na ajiye, wayar da na yi, kafson da na ɗura masa da hannuna. Na ce kwanansa ya ƙare, na yarda, ba mai ƙara wa wani numfashi. Amma kada wanda ya fita daga gidan nan ya ce ruwan da aka ɗiba ne. Kwana biyun da muka hana a ɗiba ne, kuma ni ce ta farko a laifin, don ni ya gaya wa. Gwaggo ta hau salati tana cewa na tona wa gida asiri. Sai ga Mama mai doya ta dafa bango ta tashi, da irin Hausarta, ta ce, "Gaskiya ne ya faɗa. Yarinya na an yi masa allura na baya. Yanzu ya haifi uku, yana noma." Matashiyar nan ta sunkuyar da kai ta gyara goyonta. Ban san ko ta ji ba.

Yaya yana bakin ƙofar zaure, ya ji komai. Da yamma ya shiga mota ya koma Suleja bai yi mini sallama ba. Yau kwana talatin da ɗaya, na kira shi sau shida bai ɗauka ba. Nna tana amsa gaisuwata a taƙaice. Gwaggo ta aika a gaya mini kada in taka gidanta. Mai kemis kuwa yana nan a bakin layi, ya zo gaisuwa har sau biyu, an ba shi tabarma mai kyau.

Da muke kwashe kayan Baba na buɗe littafin addu'o'insa, na sami takardar jikansa, ta yi laushi don ninki. Na ɗauko tasa, wadda aka ba ni a asibiti, don in haɗa su wuri ɗaya. Sai a lokacin na lura da ƙasan takardar. Almajirin aikinsa bai manta ba, ya rubuta lokaci biyu da biro, yadda aka koya masa. An ɗebi ruwa ƙarfe goma sha biyu da minti biyar. An auna ƙarfe goma sha biyu da minti goma sha bakwai.

Minti goma sha biyu, Baba. Abin da ka roƙe ni ke nan, na kasa ba ka sai bayan kwana biyu. Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka zafin ranka, ya sa hannuwan da ka tsayar a bakin gado su zama shaida gare ka. Ni kuma ka ce, "Kin ji ni?" na ce na ji. Allah ya yafe mini wannan amsar.